Godiyar da Na Yi Kafin Lokacinta

Muchia, Sabon Gari,
Zariya.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Abuja lafiya. Ya tsare ki daga direba mai gaggawa, da mugun ji da mugun gani, ya sa hannun likitocin da za su taɓa ki ya zama hannun sauƙi. Amin.

Na sa takardar nan cikin fayil ɗinki na asibiti, don na san nan ne kaɗai ba za ki iya tsallake ta ba. Da baki ba na iya miki magana. Ina buɗe baki sai ki ce, "Mama, kin fara," ni kuma raina ya ɓaci, mu ƙare da faɗa a kan abin da ba shi ya tara mu ba. Taurin kan marigayi babanki kika kwaso kaf, kika haɗa da bakina. To ita takarda ba a katse ta, sai ki daure ki kai ƙarshe.

Na ji labarin ankon.

Ranar Talata ina zaune a rumfa, wata malama daga makarantarku ta Samaru ta zo wurin Hajiya Balaraba, maƙwabciyata a kasuwa, da ƙyallen atamfa a hannu. Ta ce, "Hajiya, kuna da irin wannan? A shagunan PZ ta ƙare. Ankon godiyar Malama Rifkatu ne, wadda Allah ya warkar daga kansa. Lahadi ta biyu ga wata mai kamawa za a yi, a cocinsu na nan Sabon Gari." Hajiya ta juyo ta dube ni. Shekara ashirin ina sayar da atamfa, amma 'yar cikina ta tafi PZ zaɓen anko don kada in sani. Na ɗaga kai na dubi kalandar da ke rataye a rumfata. Likita ya rubuta miki gashi, wanda inji yake yi wa wurin ciwon, sau ashirin da biyar, Litinin zuwa Juma'a, mako biyar cur. Lahadin da kika sa ta faɗo bayan na goma.

Da yamma na tsare mijinki Ishaku a ƙofar gida. Kin san shi, bai iya ƙarya ba. Ya yi ta sosa ƙeya, can ya ce, "Mama, cewa ta yi za ta yi mako biyu don kada likita ya ce ta ƙi. In ta dawo godiya ba za ta koma ba. Ta ce an cire ƙullutun nonon, hoto ya nuna ba komai, ita kuma ta gaji." Kada ki yi masa faɗa, ni na matse shi.

Ban ga laifinki a kan gajiya ba. Ni na riƙe miki robar amai duk cikin allurar kemo shidan nan. Na ga ranar da gashin kanki ya biyo matsefi, kika yi dariya don kada 'yarki Murna ta tsorata, kika shiga bayi kika yi kuka. Na ga bakinki ya kwaile har ruwa ma zafi yake miki. Na san gajiyar, na sha ta kafin ke. Amma tun ranar Talatar nan gabana bai daina faɗuwa ba, domin hanyar da kike shirin bi na riga ki binta, kuma ban taɓa gaya miki gaskiyar inda ta kai ni ba.

Shekara tara ke nan, kina bautar ƙasa a kudu, na ji ƙullutu a nonona na hagu kamar ƙwayar gyaɗa. Wautata ta fari ita ce na saurari maganar da kowa ya tashi da ita a garin nan, wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Wata huɗu ina zuwa wurin wani mai magani a bayan kasuwa. Ya ba ni na sha a jarka, ya ba ni na shafawa baƙi ƙirin mai warin ƙonannen ƙaho. Duk ranar da na ce masa abin ƙaruwa yake, sai ya ce, "Ai tattaro shi magani yake yi wuri guda, fita zai yi." Gyaɗa ta zama goro. Hajiya Balaraba ce ta ga ina dafe ƙirji in zan ɗauko turmin atamfa daga sama, ta rufe rumfarta da tsakar ranar ciniki ta ce, "Saratu, tashi. Ko ki shiga Keke da ƙafarki ko in kira 'yan dako su saka ki." Ita ta kai ni asibiti.

To a can Abuja ma za ki haɗu da masu irin wannan shawara. A bencin jiran layi za a raɗa miki ganyen kaza da sassaƙen kaza, har da lambar wayar mai sayarwa. Yawancinsu ƙauna ce ta sa su, kada ki yi musu rashin kunya. Ki ce kin gode. Amma kome aka ba ki, ko da uwar mijinki ce ta aiko, kada ya shiga bakinki ko ya taɓa fatarki sai kin nuna wa likita. Ba zai ci ki ba. In ya yi faɗa, faɗan minti biyu ne.

Wautata ta biyu azumi. An rubuta mini kemo takwas. Ana saura kwana huɗu a yi mini na uku, zumuntar matan cocinmu ta sa azumin kwana uku domin marasa lafiya, sunana ne ma na farko a takarda. Na ce yaya za a yi mutane su ƙi ci saboda ni, ni kuma ina gefe ina tauna? Na ɗauka tare da su. Ranar gwajin jini nas ɗin ta dubi takarda ta dube ni ta ce, "Mama, me kike ci a gida?" Na gaya mata da alfaharina. Ta ajiye biro ta ce, "Su masu lafiyar su yi miki azumin. Ke aikinki tuwo." Aka kore ni gida mako biyu saboda jini ya yi ƙasa. A cikin makon nan zazzaɓi ya kama ni, na sha farasitamol na ja bargo ban gaya wa kowa ba, don kada a ce bangaskiyata ce ta gaza. Da babanki bai taɓa goshina ba, da ba ki da mai rubuto miki wannan.

Don haka ki ci abinci. Na san komai ɗanɗanon ƙarfe yake miki har yanzu. Ki ci kaɗan kaɗan, sau da yawa, kunun gyaɗa, ƙwai, wake, miyar zogale. Na sa miki garin kunu da dakakkiyar kuka a ƙasan jaka. In jikinki ya yi zafi kada ki jira gari ya waye miki da shi sau biyu, ki je ki faɗa a ranar. Azumi kuma mu za mu yi, muna da yawa, wasunmu ma ragewar za ta amfane su.

Yanzu ga babbar. Ki gyara zama.

Abin da kika sani shi ne na warke, muka yi godiya, bayan shekara ciwon ya dawo. Haka na gaya muku ke da ƙannenki. Ƙarya na yi. Ciwon bai dawo ba, domin bai taɓa tafiya ba. Ni ce na gudu.

Bayan kemo na huɗu na laluba na rasa ƙullutun. Na laluba a tsaye, na laluba a kwance, babu. Likita ya yi murna, amma ya ce, "Madam, magani ne yake aiki. Saura huɗu, sannan tiyata, sannan gashi. Abin da hannu ba ya ji yana nan." Na ce to da baki. A zuciyata kuwa na ce wannan yaron bai san Allah ba. Gaskiyar magana, Rifkatu, ba bangaskiya ba ce ta hana ni komawa. Tsoron jan ruwan nan na kemo ne. Ina hango ledarsa a rataye sai amai ya taso mini tun kafin a sa allura. Na nemi suna mai kyau na lulluɓe tsorona da shi.

Na je wurin Fasto na nemi ranar godiya. Ya tambaye ni, "Likita ya sallame ki?" Na ce ya sallame ni. Kin tuna ranar, ai kin taho musamman. Atamfa ruwan goro muka yi anko. Matan zumunta suka rako ni da rawa tun daga ƙofa har gaban bagadi, ana buga tulu ana guɗa. Na karɓi lasifika na ce Ubangiji ya taɓa ni, likitoci sun nemi ciwo sun rasa. Cocin nan ya ɗauka gaba ɗaya. Na ga kina share hawaye da gefen ɗankwali. Na san daɗin ranar nan ne kike nema wa kanki, kuma ba zan ce miki ba ta yi daɗi ba. Ban taɓa jin ana ƙaunata kamar ranar ba.

Wata biyar bayan haka ina wanka na ji shi. A wurinsa na da, da wani ƙarami a hammata.

Ki tambaye ni me ya sa ban koma asibiti washegari ba. Kunya. Na riga na zama Maman Rifkatu wadda Allah ya warkar. In baƙon mai wa'azi ya zo, ni ake nuna masa. Mata suna kawo mini marasa lafiyarsu har rumfa in yi musu addu'a. Da wane baki zan ce a dawo da sunana cikin takardar marasa lafiya? Gani nake in na faɗa, sunan Allah zan zubar, kamar shi ne ya yi ƙaryar. Kuma a asibitin nan ba a ɓuya, ko'ina ka juya ɗan cocinku ne ko maƙwabcinka. Wata bakwai ina ɗinka riguna masu faɗi, ina kwana da fuska a bango don kada babanki ya gani. Sai da fatar ta fashe ta fara ruwa, wari ya tona ni.

Da na koma, likitan bai zage ni ba. Da ma zagin ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya duba, sannan ya ce, "Da kin ƙarasa wancan karon, da ƙullutun kaɗai za mu cire." Aka sake kemo daga farko, mai ƙarfi fiye da na da. Aka cire nonon duka har da na hammata. Hannun nan nawa na hagu da yake kumbura, wanda Murna take kira hannun fulo, ribar godiyata ke nan. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Ke an bar miki nononki. Kin san sharaɗin da aka bar miki shi, a gabana likita ya faɗa. Gashin shi ne zai ƙone 'yan ƙananan da wuƙa ba ta gani, hoto ma ba ya gani. Goma cikin ashirin da biyar ba rabin magani ba ne, tuwo ne aka sauke bai nuna ba. Hoton da kike taƙama da shi, ni hannuna ma ya ba ni irin wannan shaidar.

Bari in gaya miki yadda gashin yake, don na ga tsoron sunan ma yana cikin abin da ke damunki. Ba wuta ba ce ake hurawa. Za su auna ki, su zana miki layi da tawada a ƙirji, ki kwanta a wani gado mai tauri, hannu a sama. Kowa ya fita ya bar ki da inji. Nan ne wurin da ya fi tsorata ni, ƙofar nan mai nauyi in ta rufe. Amma suna ganinki, suna jin ki, kuma kafin ki gama addu'a biyu an buɗe. Ba ki jin komai a lokacin. Sai wajen mako na uku fatar za ta yi duhu ta fara raɗaɗi, gajiya kuma ta sauko miki kamar kin yi dakan gero yini guda. A nan mutane suke gudu. Ki sa a ranki tun yanzu cewa mako na uku zai zo, kuma zai wuce.

A can ma sai da na yi wauta, ni ba na koyo da sauƙi. Layin tawadar ya leƙo ta wuyan rigata, ga shi ina son zuwa sujada. Na sa soso da sabulu da ruwan zafi na dirje shi tas, na bi da man kaɗe. Ranar Litinin mai injin ya buɗe ƙirjina ya riƙe kai ya ce, "Mama, wa ya aike ki? Taswirarmu kika goge." Sai da aka sake awo, na rasa kwanaki, fatar kuma ta saɓule inda na dirje. Don haka ki bar musu zanensu. Ruwa mai ɗumi kaɗan, da tafin hannu, ki dangwala tawul kada ki goga. Ban da turare, ban da man zafi, ban da kowane mai sai wanda suka ce. Na ɗinka miki riguna huɗu na auduga marasa matsi, ba su da kyau, na sani, ba biki za ki ba. Kuma kada wani ya ce miki gashin yana bin jiki ya kama yaro. Na tambaya da bakina, ba ya bi. Murna tana hannuna, in Ishaku ya kawo miki ita ran Asabar ki rungume abarki.

Saura abu ɗaya, wanda ko babanki ya tafi bai sani ba.

Kin tuna Asabe, mai buga tulu a zumuntarmu, uwar Talatu ta ƙungiyar mawaƙa? Ita ce ta buga mini tulu ranar godiya. Bayan wata shida aka gano tana da dajin bakin mahaifa, aka rubuta mata kemo da gashi. Ta yi kemo biyu ta sha wuya. Wata ranar Alhamis ta zo rumfata, ta zauna a kan benci ta rame, ta rage murya don kada Hajiya ta ji. Ta ce, "Yaya Saratu, ke ba a ɓoye miki. An ce ba ki ƙarasa naki ba. Da kika bari, kin ga wani abu?"

A lokacin nan ƙullutun yana ƙarƙashin rigata, ya kai ƙwai. Ina jin nauyinsa tana maganar. Kalma huɗu ce za ta cece ta, in ce mata Asabe, koma ki ƙarasa. Na buɗe hannuwana na yi murmushi na ce, "Ki dube ni mana."

Ta dube ni. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To, Allahn da ya yi miki zai yi mini." Ba ta koma asibiti ba. Ba ta cika shekara ba. Ranar da aka binne ta ina kwance da sabon ɗinki a ƙirji, aka ce mini ta yi ta ambaton sunana tana cewa a kira ni in yi mata addu'a.

Ban ce da ta ƙarasa lalle da tana raye ba, wannan sanin Allah ne. Amma ta zo da tambaya ta gaskiya, na sallame ta da ƙarya don in tsare sunana. Shekara takwas duk Lahadi ina ganin Talatu a cikin mawaƙa, tana durƙusawa ta gaishe ni, tana ce mini Mama. Kin sha tambayata me ya sa na koma bencin baya na daina rawa. Ga dalilin.

Ke ma akwai mai kallonki, Rifkatu. Ba ki san ta ba, amma tana nan, a cocinmu ko a makarantarku, da abu a ƙarƙashin rigarta, tana jira ta ga yadda za ki yi. In kika tsaya a gaban bagadi ana binki gashi goma sha biyar kika ce an gama, ba kanki kaɗai kika yanke wa hukunci ba. Allah ba ya gaggawar karɓar godiyarki. Mako uku ba zai sa ya yi fushi ba. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, ke mako biyar kawai aka ce ki yi.

To ga abin da na yi, ki yi fushi in kin ga dama. Ranar Alhamis na je wurin Fasto na ce ya ba ni Lahadin da kika kama. Ya ce ranar Rifkatu ce. Na zauna na gaya masa duk abin da na rubuta miki a nan. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce, "Mama, kin tabbata za ki iya? Ba dole sai a gaban jama'a ba." Na ce a gaban jama'a na yi ƙaryar, da lasifika. Ya ba ni.

Gobe in motarku ta tashi zan tafi gidan Talatu in fara gaya mata, don bai kamata ta ji a bainar jama'a ba. Ban san me za ta yi ba. In ta kore ni ta yi daidai. Ranar Lahadin kuma waɗanda suka ɗinka anko su sa abinsu su zo, ba za su rasa abin ji ba. Zan tashi a wurin da na tsaya shekara tara da suka wuce, in faɗa musu ban warke ba a ranar, guduwa na yi, in faɗa musu abin da na ce wa Asabe. Tsoro nake ji, Rifkatu. Ko tiyata ban ji tsoronta haka ba. Mutanen nan da su zan ci gaba da zama har a binne ni.

Abu ɗaya nake roƙo, ban taɓa roƙonki komai irinsa ba. Kada ki zo. Zan ɗaga kai in duba bencin nan ɗaya bayan ɗaya kafin in buɗe baki. In na gan ki a ciki, to na tsaya a banza, na tona kaina a banza, Asabe ma ta tafi a banza. In ban gan ki ba, zan san kina can kina hutawa, da zanenki a ƙirji ba ki goge ba, kina jiran na goma sha ɗaya ranar Litinin. Wannan zai ba ni ƙarfin da zan kai ƙarshen maganata.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya tsaya tare da ke a ɗakin nan in ƙofa ta rufe. Ya ba ki barci, ya ba ki cin abinci, ya sanyaya miki fata, ya riƙe ƙafarki a mako na uku. Ya dawo mini da ke bayan na ashirin da biyar, ba kafin nan ba. Ni ma ki sa ni a addu'a ranar Lahadin, wajen ƙarfe goma.

Ni ce mahaifiyarki,
Saratu.